Abin da Maiwada Bai Gani a Kwalba Ba

Maiwada manomin shinkafa ne a gefen Dakko, kuma tun yana saurayi aka san shi da rashin saurin yarda. In ya sayi taki sai ya zura hannu har gindin buhu. In baƙo ya tambaye shi hanya, sai ya fara jin daga inda ya fito. Da can dariya ake yi masa. Da ƙasar ta rikice, aka shiga kore shanu ana ɗauke mutane a gona, sai dariyar ta ƙare, kowa ya koma irinsa.

Shi ya riƙe Muttaka, ɗan ƙanwarsa Batulu, tun rasuwar mahaifin yaron, kuma shi ya tsaya har ya shiga jami'a a Sakkwato. Likitanci Muttaka ya nema bai samu ba, aka ba shi ilimin dabbobi. Maiwada ya tambaye shi ko likitan shanu zai zama, ya ce a'a. Ya yi masa bayani cewa mai wannan karatu yana iya aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ko ya koyar, ko ya shiga cikin masu yaƙi da sauro da tsutsotsin ciki, shi kuma can ya nufa. Maiwada ya saurara har ƙarshe. Abin da ya riƙe kawai shi ne yaron na karatun abin da ba shi da suna a kasuwa.

A shekararsa ta ƙarshe Muttaka ya zo gida da rani, ɗauke da rariya ɗaure a bakin sanda da kwalabe cike da jaka. Ya ce aikin kammala karatu zai yi a kan tsargiya, wai ƙananan katantanwa na bakin kanal ɗin ban ruwa ne ke ɗauke da ita. Ya ce in aikin ya yi kyau, malamarsa za ta sa shi cikin masu yaƙi da cutar a ƙauyukan Bakura da Maradun.

Kullum da safe sai ya bi bakin ruwa. Ba tsintar ce ta dami mutane ba, tambayoyinsa ne. Ina ake shayar da shanu? Wane lokaci mata ke zuwa wanki? Ta wace hanya masu ban ruwa ke ƙetarewa? Duk inda aka nuna masa sai ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, ya danna wani abu. Da yamma kuma ya koma bayan rumbu yana magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Maiwada na zaune a kan buzu yana jin muryar mace daga cikin wayar, ba ya gane ko kalma guda.

Ana cikin haka aka kore garken Alhaji Mas'ud a mashaya, da rana tsaka, aka harbi makiyayin a cinya.

Washegari bayan la'asar Sadi, shugaban 'yan sa-kai na yankin, ya yi sallama a ƙofar Maiwada. Suka daɗe suna gaisawa, aka tambayi iyali da gajiya da shuka, aka sake komawa kan iyali. Sannan Sadi ya ce mutane na magana: ɓarayin daji ba su san mashayar ba, wani ne ya nuna musu, kuma an ga ɗan boko a wurin da waya a hannu. Ya ce don girman Maiwada ne bai zo da yaransa ba, amma gobe bayan azahar a kawo Muttaka gindin tsamiya.

Maiwada ya san yadda zaman gindin tsamiya ke ƙarewa. Ya ga wanda aka kai can bai dawo gida ba. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, da ya tambayi zuciyarsa ko yaron zai aikata, ba ta ce masa a'a kai tsaye ba. Shekarun nan na Sakkwato, wa ya san da wa ya zauna? A garuruwan kusa an kama ɗan liman, an kama mai sayar da burodi, duk da laifin kai wa ɓarayin daji rahoto. Ya kasa gaya wa Batulu.

Da safe ya bar gonarsa ya bi Muttaka daga nesa, yana fakewa da gabaruwa. Ya ga yaron ya sa robar hannu, ya kwaso ciyawa da rariya, yana tsince wasu abubuwa ƙanana kamar ƙwayar wake. Babu wanda ya zo wurinsa. Amma Maiwada ya ce a ransa, mai kai rahoto ai ba ya bukatar a zo, waya ta ishe shi. Sai ya fito.

"Kawu, lafiya?"

"Ita nika nema. Nuna mini abin da kaka faɗi yana cikin ruwan ga."

Muttaka ya dubi fuskarsa, ya gane zarginsa yake yi. Ya zuba katantanwa da ruwa a kwalabe, ya jera su a rana, ya ce sai sun sha haske tsutsar cutar ke fita daga jikin katantanwar. Suka zauna suna jira har hantsi ya dubi ludayi. Sannan Muttaka ya ɗaga kwalba guda, ya miƙa masa wani gilashi mai ƙara girman abu, ya ce ga su nan suna iyo, kamar ƙurar gari.

Maiwada ya duba, ya goge ido ya sake dubawa. Idanunsa sun daɗe da yin hazo. Ruwa ya gani, da katantanwa manne a gindi.

"Ka gan su, Kawu?"

Maiwada ya gaya masa saƙon Sadi, ya ce ya ɗauko kwalbar su tafi.

Bayan azahar, a gindin tsamiya, Sadi ya karɓi wayar, aka sa Muttaka ya buɗe. Taswira ta fito da jajayen ɗigo a bakin ruwa, ɗaya daidai mashayar Alhaji Mas'ud. Muttaka ya ce a kira malamarsa, wani ya ce ai kowa na iya zama malama a cikin waya. Aka zagaya da kwalbar hannu zuwa hannu. Wani ya ce kamar ya ga motsi, wani ya ce datti ne. Sadi ya juya ga Maiwada, ya ce duk Dakko an san ko goro ya saya sai ya fasa ɗaya, don haka shi za a tambaya: ya gani da idonsa?

Maiwada bai ce ya gani ba.

"Ni na riƙe shi," ya ce. "In an samu shi da hannu, ko bayan shekara ce, kada ku neme shi. Ga ni, ga gidana."

Aka yi ta gunaguni. A ƙarshe Sadi ya ce ya karɓa, amma waya ta zauna a hannunsa, kuma kada a sake ganin yaron a bakin ruwa. Kafin magariba Maiwada ya goya shi a babur ya kai shi Mafara, ya sa shi a motar Sakkwato. A tasha Muttaka ya so ya yi magana, Maiwada ya ce ya shiga, mota na cika.

Duk abin da Muttaka ya tattara yana cikin wayar. Malamarsa ta canza masa aiki zuwa wanda ake yi a kan ɓeraye cikin keji, aikin tsargiya kuma aka ba wani ɗalibi a wata jiha. Yanzu Muttaka yana duba jini a wani ɗakin gwaji a Gusau. Ba a taɓa gano wanda ya nuna mashayar ba, don haka maganar Maiwada tana nan a wuyansa. In shi da Muttaka suka so ganawa, a Mafara suke haɗuwa ranar Talata, su ci nama, su yi hirar shinkafa.

Kwanan baya wani maƙwabci ya zo shawara, ya ce 'yarsa Bushra ta samu gurbin kimiyya, wane fanni ya kamata ta bi. Maiwada ya ce ta zaɓi wanda ake yi a cikin ɗaki.