Zabin Daji Sun Rabu Bibbiyu

A wani watan Agusta, lokacin da Dubai ke gasa mutane ba tare da nuna bambanci ba, Sale Bamaraɗe ya shigo ɗakinmu na Al Sabkha, a unguwar Deira, da ƙunshin soyayyen zabo, tsarabar gida. Mutanen ɗaki suka yi masa caa. Ni kuwa na miƙa hannu na janye, don na tuna damina ake ciki a can.

Laifin kakata ne, Iya Tabawa. A ƙauyenmu bayan sallar isha'i mukan zagaye murhunta, ita tana gasa gyaɗa, mu muna jiran tatsuniya. Akwai dokar da ba a koyar da mu a makaranta ba: da zarar garken zabin daji ya watse sun koma bibbiyu, to sun fara saka, Sarkin Baka ya rufe farauta. Wanda ya harba, a karɓe bindigarsa a bainar jama'a.

Wata shekara da damina matar ƙanin mahaifina, Baffa Ilu, ta haihu, jiki ya ƙi, nono ya yi ƙaranci. Ungozoma ta ce romon zabo. Da yammar nan Baffa ya zauna gefen wuta yana goge bindigar toka ta kakanmu.

Iya ba ta ko yi gaisuwar buɗe tatsuniya ba. Ta ce, "Wani maharbi ne, mai hannu kamar na wani da na sani."

Ƙyallen Baffa ya tsaya, ya ci gaba.

Maharbin ya fita bayan ruwan farko, ya ga zabo shi kaɗai kan suri yana ta leƙe-leƙe. Bai tambayi kansa abin da yake gadi ba, ya harbe. Da magariba sai ga zabuwa a ƙofar ɗakinsa, ta ajiye ƙwai ɗaya mai sanyi, ta juya. Washegari ma haka. Duk ƙwan da ta ajiye, wani abu a gidan ya huce: tuwo, murhu, sannan nonon matarsa. Har saura ƙwai ɗaya a sheƙa, a gidan kuma saura abu ɗaya mai ɗumi, yana goye a bayan uwarsa.

Nan Iya ta koma juya gyaɗa. Daga ɗaki jaririn Baffa ya tsala kuka.

Na ce, "Iya, sai me?"

"Tambayi Baffanka. Ƙarshen yana hannunsa."

Baffa ya ce, ba tare da ɗaga kai ba, "Iya, da yara kike ko da ni?"

"Kai ɗin yaushe ka girma, Ilu?"

"Yarinyar nan ba ta da ƙarfi, Iya."

"Na gani. Ita ma waccan ta daji a kwance take kan ƙwai."

Gyaɗa ta ƙone, ba wanda ya kwashe. Can Baffa ya miƙe da bindiga, muka bi shi da ido, ko zaure zai bi ya fita daji, ko ɗaki. Ya tsaya tsakar gida kamar an dasa shi, sannan ya shige ɗaki, muka ji ƙarar rataye bindiga a ƙusar bango. Da safe Iya ta sa aka yanka kazarta ɗaya tilo, wadda take kira Hajiya, aka yi wa mai jego romo.

Na daɗe ina ɗauka darasin tausayin tsuntsu ne. Sai a garin nan, inda kaji ke zuwa a daskare ba su san damina ba, na gane wa ake harbewa: mai gadin sheƙa. Ranar da matata ta haihu a gida na roƙi maigidanmu na kamfanin jigilar kaya hutu, ya dafa kafaɗata ya ce, "Habibi, kontena na jira. Inshallah baɗi." Babu Sarkin Baka a Deira.

Sale ya ce, "Malam, na kiwo ne fa, wallahi! Yalla, ci."

Na yarda da shi. Na tura masa rabona, na sauka neman katin waya in kira gida.