Ranar da Aka Miƙo Mini Tsintsiya

Shekara bakwai ina koyar da 'yan aji ɗaya a elementaren garinmu, can ƙasar Roni, zamanin En'e, amma a takardar albashi ni mai shara ce. Wai ba ni da shaidar malanta. To a gidan wa zan samo ta? Aji huɗu na gama aka ce ya isa.

Masu shaidar kuwa kowa gudun ajin yake yi. Yara ne da ƙyar hannunsu ke zagaya kai ya taɓo kunne, 'yan ruga kuma sai na haɗa musu da guntun Fillancina. Ni ce fyace hanci, ni ce ɗaure tazuge, ni ce ƙirga da tsakuwa. Wata ya ƙare, albashi ya iso daga Kazaure, a miƙo mini na shara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Na dami hedimasta har ya ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. In mai duba makarantu ya ga aikinki da idonsa, za a gyara." Da aka ce yana tafe, sati uku ina shirya yaran nan.

Ranar da baƙon ya iso, sai ga hedimasta a ruɗe, da tsintsiya a hannu. "Yaya, ki rufa mini asiri. Takardarsa ta ce ke mai shara ce. In ya same ki da alli, ni za a kora." Mutum mai 'ya'ya shida, ya zan yi? Na karɓa, aka tura malamin aji uku ajina.

Ina shara a gindin taga, ina jin yarana suna rera karatun da na koya musu, baƙo yana ta "madalla, malam". Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

A ajina duk wanda ya makara shi ke shara, ni ce ma na kafa dokar. Sai wata 'yar ruga ta leƙo ta taga ta ce, "Malama, makara kika yi? Kawo in taya ki." Ta fito. Sauran suka ɗuru a bayanta, wannan ya tsinci kara, wancan ya kwashi ganye, aka bar baƙo da malam da tabarmi. Na ce a raina, to yau dai ko makaho ya gani.

Bayan wata guda takarda ta zo. Hedimasta ya karanta mini yana sosa ƙeya: mai shara ta riƙa zuwa bayan an tashi, domin tana ɗauke wa yara hankali daga malaminsu.

Ya naɗe takardar, sannan ya ce, "Amma dai gobe za ki shiga aji ko, Yaya?"

Na yi tsaki har sau biyu. Da safe na riga kowa zuwa.