Kwale-kwalen Haladu Mai Launi Uku

Haladu mijin ƙanwata Zulfa ne, kuma tun ranar da aka ɗaura musu aure na san kansa da motsi. Mai fito ne a wani mashigi na kogin Haɗeja, da tsohon kwale-kwalen da ya gada wurin mahaifinsa. Shekara ashirin yana tura mutane da gora, ba a taɓa jin ya kifar da ko akuya ba. Sai ga Tukur ya zo da jirgi mai inji, har da kujeru masu soso, kowa ya koma can, har da ni, ban ɓoye ba. Tukur ma ya aiko masa cewa in ya gaji ya sallama masa kwale-kwalen ya mai da shi komin zuba wa shanu dusa. Haladu ya rantse in Juma'a ta wuce bai sami fasinja ba, zai ba shi.

Ita Zulfa saƙar faifai take yi, kuma launi uku ne nata: algashi kore shar, da shunayya, da jan garura mai kashe ido. A kasuwar Kafin Hausa faifanta ba ya kai azahar. Haladu ya zauna ya yi nazari irin nasa, ya ce ashe sirrin a launi yake. Ya kwashe mata garin rinin kaf, ya dama da ruwan sanyi a bokiti, ya shafe jirgin ciki da bai.

Da na je kallo har bayani ya yi mini. "Yaya Shu'ibu, koren nan na shinkafar fadama ne, albarka ke nan. Shunayya ta manya ce, duk wanda ya zauna a kanta ya zama dattijo. Garura kuwa, ko mai hakiya ya hango ta daga tsallake."

Zulfa ta leƙo ta ce, "Malam, rinin kaba fa sai an tafasa yake kamawa." Ya ce mata katako ai ba kaba ba ne.

Ranar Juma'a muna da ɗaurin aure a tsallake, mu goma sha biyu, kowa ya ci farar shadda. Zulfa ta sa ni a gaba da magiya, ni kuma na ja sauran muka shiga jirgin Haladu. Gaskiya ya yi kyau, kamar faifai a kan ruwa. To amma tsohon jirgi ne, yana ɗan tsatsafo, ga gora tana yayyafa mana ruwa. Muna isa gaɓa liman Abubakar ya fara miƙewa, sai na ga bayansa: kore, shunayya, garura, layi-layi. Na ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki, kafin wani ya ce in waiga nawa. Wayyo shaddata! Sabuwa dal, ranar na fara sa ta.

Haka muka shiga taro, kowa na bin jikin bango. Wata tsohuwa har guɗa ta yi, wai dangin ango sun fito da anko.

Da yamma muka dawo bakin kogi a fusace, muka nufi jirgin Tukur kai tsaye. Mutumin nan ya dube mu sama da ƙasa ya ce ba mai zauna masa a kujera da wannan gindi, mu je mu wanke tukuna. Liman guda! Ran dattawa ya ɓaci. Can gefe ga Haladu a tsugune, ganin fasinjan da ya samu ma sun guje shi, ya riga ya kwance igiyar jirgin zai miƙa wa Tukur, ko ɗaga kai ya kasa yi.

Liman ya tattare rigarsa ya ce, "Haladu, ai mun riga mun rinu. Tura mu gida. Ni da jirgin wancan kuwa, har abada."

Garinmu in liman ya hau abu, kowa ya hau. Zulfa ta saƙa tabarmi masu launukan nan uku, da rini dafaffe, ta shimfiɗa a kan allunan zama, kuma har yau jirgin yana fito.

Ni fa ban yafe shaddata ba, kullum sai na yi masa gori. Amma a yammacin waccan Juma'ar, muna tsakiyar kogi na ga Haladu yana tura gora yana hawaye, yana shafa gefen jirgin ubansa. Ya sa hannun ya share fuska, ta koma kore da shunayya da garura. Mu goma sha biyu, ba wanda ya yi dariya.