Ga Ni Nan Kan Kwana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Bello, malamin Turanci da ya bar aji ya koma koya wa mutane tuƙi a unguwar Gidan Igwai.

Ya bar aji, amma aji bai bar shi ba. Ranar da ya fara ɗora ni kan sitiyari, muna isa lanƙwasar hanya ya ce in tsaya. Ya ce kwanar da direbobi ke sha ba danginta ɗaya da kwanan barci ba, aro ce daga Turanci, kuma can kusurwa take nufi. Mu ne muka miƙe mata ƙafa: mota ta sha kwana, mai magana ya sauya zance a ce ya yanke kwana, maras gaskiya kuwa a ce yana kwana-kwana. Ni dai so nake ya yi shiru in tuƙa.

Wata Talata da hantsi ina kasuwar kara, muna kallon shanun da aka sauke, ya kira ni.

"Sani, ƙirjin ga ya matsa min. Taho ka kai ni asibiti."

"Ga ni nan kan kwana, Yaya."

Ban ko tashi daga benci ba. Haka kowa ke faɗi, kuma na ɗauka gyambon cikinsa ne da muka saba da shi. Matarsa ta ce kujera ya jawo ƙofar gida yana duban bakin layi, ya hana a tare Keke Napep, wai ai ƙanensa na kan kwana. Na iso bayan azahar, na tarar an shimfiɗa tabarmi.

Ban yi kuka ba ranar, har yau ban yi ba. An ce da-na-sani ƙeya ce. Tawa ko ciwo ba ta yi, tana nan dai kamar dutse a aljihu.

Da yana raye, ban san me zai ce da wayoyin da ke gaya wa direba inda zai karya ba. Wataƙila ya yi musu gyaran Turanci.

Motar koyon ta ruɓe a Ƙofar Rini. Ɗalibansa suna nan cike da gari, ana gane su da rage gudu tun kafin lanƙwasa. 'Yarsa Hadiza ta girma, ni na koya mata tuƙi. Jiya ta kira ta ce, "Baffa, kana ina?"

Na ce, "Ina gida, ko takalmi ban sa ba."