Mama Sake-Duba Ta Rufe Madubinta

Ƙarfe bakwai saura kwata, tun mai shara ba ta gama goge barandar asibitin ba, sai ka ji ƙarar makulli a ƙofar ƙarshe ta hannun hagu. Ɗakin gwaji ke nan, wanda ba mai shigarsa sai wanda aka aika. Mama ce ta iso. Za ta rataye mayafinta a ƙusa, ta zura farar rigar aiki, ta wanke hannu har gwiwa, sannan ta yaye ƙyallen da ta lulluɓe madubinta da shi jiya. Madubin nan ne mai ido biyu, wanda ke ƙara wa ƙwayar cuta girma har idon mutum ya kama ta. Shekara talatin da uku tana wannan zaman a kujera ɗaya, har katakon ya yi kwarmi daidai ita.

Abin da ake kawo mata kuwa, ba abin marmari ba ne. Jini ne, da fitsari, da kaki, da wanda ma ba a faɗar sunansa a gaban surukai. Mai abin da kansa yana miƙowa yana kau da kai, ita kuwa ta karɓa da hannu biyu, ta rubuta lamba a jiki. In an warke, likita ake wa godiya, nas ake wa addu'a, har maigadi yakan samu “sannu da aiki”. Ita ko sunanta ba a sani ba, sai ɗan sa hannunta a ƙasan takarda, wanda ba mai iya karantawa. Haka abin yake, kura da shan bugu, gardi da suna.

Sunan Sake-Duba ba a banza ta samo shi ba. Duk sabon ma'aikacin da ya kawo mata takarda ya ce, “Mama, na duba,” sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta ce, “Ka duba, ko ka kalla?” Daga nan karatu ya tashi. Gani, in ji ta, kyauta ne, akuya ma tana gani. Kallo na mai jiran mota ne a bakin titi. Leƙe na maƙwabciya ne mai son jin abin da bai dame ta ba, hange kuma na mai ƙyuyar matsowa kusa. Ƙura ido ma ba aiki ba ne, ai mayunwaci yana ƙura wa tukunya ido, bai sa ta nuna ba.

“Dubawa,” takan ce, “sai ka san abin da kake nema. In ka duba ba ka samu ba, ka shiga bincike, wato ka ɗaga katifa, ka zazzage aljihu. In binciken bai gamsar da kai ba, ka tsefe, sili-sili, yadda ake tsefe kitso. In ka samu abin kuma zuciyarka tana rawa, ko shi ne ko mai kama da shi, nan ake tantancewa. Nazari shi ne na ƙarshe, ka ɗaga kai daga madubi ka tambayi kanka, wannan abin da na gani ya dace da mutumin da ke zaune a waje?”

Babbar nas takan kwashe da dariya ta ce, “Mama, ke fa makaranta ya kamata ki buɗe.” Maigidanta kuwa ya daɗe da sallamawa. Ran nan ya ta da gida tsaye yana faɗan ya bincika ko'ina bai ga makullin babur ɗinsa ba. Ta ce, “Malam, ka dai kalli ɗakin.” Ta zura hannu a aljihun rigar da ke jikinsa ta zaro masa. Tun daga ranar, in abu ya ɓace masa, cewa yake yi, “Na gama kallo, zo ki duba.”

Ke ce, Mama, wadda ba ta taɓa rubuta “babu” da gaggawa ba. Kin sha faɗa cewa “akwai” ba ta da nauyi, da ka ga ƙwaya ɗaya ka gama. “Babu” ce dutse, domin ita ce ke mayar da marar lafiya gida. Kowane zagayen haske da ido ke gani a madubi kina ce masa gida. Abokan aikinki in sun shiga gida ɗari ba su ga komai ba, sai su rufe. Ke sai kin shiga ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya, ko da layi ya kai ƙofa, ko da likita ya aiko sau uku.

Saura mako uku ta yi ritaya aka kawo wata mai jego. Jaririnta wata huɗu, ita kuma wata uku tana tari. Ta rame ta ƙanjame, har zobe ya daina zama a yatsarta. Yayanta ne ya kawo ta, wani mai walda mai faɗin ƙirji da gajeren haƙuri. Asibiti biyu suka je kafin nan, aka gwada kakinta don neman tarin fuka, duka biyun aka ce babu. Kuɗin mota ma ya fara gagara. A gaban kowa ya faɗa wa likita cewa wannan ne na ƙarshe, in nan ma an ce babu, gida zai mayar da ita a zuba wa sarautar Allah ido.

Sabuwar ma'aikaciyar da za ta gaji kujerar Mama ce ta karɓi gwajin. Mace ce mai ilimi da zafin nama, har ana ce mata 'Yar Sauri, kuma ba ta ha'inci. Ta shafa kakin mai jego a fallen gilashi, ta zuba rini, ta shiga gida ɗari cif, ba ta ga komai ba. Ta rubuta “babu”, ta kawo wa Mama ta sa hannu.

Mama ta ɗauki biro, sai ta ajiye. “Ina robar da aka kawo kakin a ciki?”

“Ga ta can, Mama. Wallahi na duba, gida ɗari.”

“Na yarda kin duba, 'yata. Miƙo min robar.”

Ta ɗaga ta saitin taga, ta karkata ta. Abin da ke ciki ya gangara tsararo, fari, da 'yar kumfa a sama. Ta girgiza kai. “Wannan ai yawu ne. Ko shekara za ki yi kina tsefe shi, ba za ki ga abin da ke ƙirji ba. Kin binciki ɗakin da ɓarawo bai shiga ba.”

Abin da ba a saba gani ba ya faru, Mama ta fito baranda. Ta tarar da mai jego a kan benci, ta dunƙule cikin mayafi, jaririn yana hannun wata 'yar'uwarta. Tari ya taso mata, sai ta danne baki da gefen mayafi, ta haɗiye shi, tana satar kallon mutane. Nan Mama ta gane komai. Kunya ce. A duk inda aka ba ta roba, a tsakiyar jama'a aka ba ta, ita kuma ba za ta iya kakari a gaban maza ba, sai ta tofa yawu ta rufe ta miƙa.

Mai walda ya miƙe. “Mama, takardar ta fito? Mai mota yana jiranmu.”

“Ba ta fito ba, ɗana. Ka ba ni awa biyu.”

“Haba Mama! Tun safe fa muke nan. Ai mun san abin da za a ce, sau biyu ana faɗa mana.”

“Sau biyu ana duba yawun ƙanwarka. Ƙirjinta ba wanda ya taɓa dubawa. Wata uku ka yi haƙuri, awa biyu ce za ta gagare ka? Zauna.”

Ya zauna. Mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe da hannu ya koma benci ya haɗe gwiwa.

Mama ta ɗaura takunkumi, ta kama hannun mai jego ta zagaya da ita bayan ginin, inda ba kowa sai iska da igiyar shanya. Mai shara, wadda ta hango su ta matso tana saurare, ita ta ba da labarin. Ta ce Mama ta sa mai jego ta kurkure baki, ta ce, “'Yar nan, nan ba namiji, ba suruka, daga ni sai ke, ni kuma na ji tarin da ya fi naki muni. Ja numfashi har ciki. Riƙe. Saki. Sake ja.” Mama da kanta ta dafa ƙugu ta yi tarin gwaji, irin mai tsoratar da kaji, har mai jego ta yi dariya, dariyar ta jawo tarin gaske. Sai da suka yi kusan rabin awa kafin abin ya fito, kauri, daga can ƙasan ƙirji.

Mama ta koma ɗaki, ta shafa kakin a gilashi, ta busar, ta zuba jan rini, ta wanke, ta bi da shuɗi, ta zauna. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne idon Mama ya fara gajiya. Shekara biyu ke nan in ta daɗe a madubi sai hawaye ya riƙa zuba, gefen gani ya yi hazo. Ta shiga gida ɗari, shuɗi fetal. Ta share ido da bayan hannu, ta ci gaba. Ɗari biyu, babu. Likita ya aiko, ta ce a ce masa tana zuwa. Daga baranda ana jiyo muryar mai walda yana ba mai mota haƙuri a waya. Ta san in ta kai ɗari uku ba ta gani ba, dole ta rubuta abin da ta gani, a tafi da yarinyar nan.

A gida na ɗari biyu da arba'in da wani abu, hannunta ya tsaya cak. Can gefe, wasu 'yan jajayen tsinkaye guda uku, sirara, sun ɗan lanƙwashe, irin kamannin ƙwayar tarin fuka.

To a nan ne nake so mai karatu ya san ko wace ce wannan baiwar Allah. Wani da shekara talatin da uku a aiki, da ya buga ƙirji ya rubuta. Ita kuwa ta ɗago ta ce, “'Yata, zo ki ara min idonki. Nawa ya tsufa, kada in ɗora wa 'yar mutane maganin wata shida a kan ƙurar rini. Ki tantance min.”

'Yar Sauri ta sunkuya. Ta daɗe. Da ta ɗago, idonta ya cika da ƙwalla. “Su ne, Mama. Ga wasu biyu ma a ƙasa.”

“To rubuta. Ke za ki sa hannu.”

A ranar aka fara wa mai jego magani, aka duba jaririn aka ba shi na kariya, aka kira mutanen gidan su ma a gwada su. Mai walda ya yi ta zuba wa likita godiya har da durƙusawa. Mama tana ciki tana wanke gilasai, ba ta ma ji ba. Bayan mako uku aka yi mata 'yar walima a ofis, aka ba ta agogon bango, ta lulluɓe madubinta da ƙyalle ta miƙa makulli.

Wata bakwai bayan haka, tana zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa da laluben yatsa, aka yi sallama. Wata mace ce cikakkiya, kumatu sun fito, ga yaro a hannu yana ta zillo a sauke shi. Mama ta gyara tabarau, ta duba, ta sake dubawa.

“Ki yi haƙuri, 'yar nan, ban gane ki ba.”

Matar ta durƙusa. “Mama, ni ce wadda kika koya wa tari.”

Maigidan ya ce tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta duba abu sau biyu ta kasa gane shi ba sai ranar, kuma bai taɓa ganin ta yi farin ciki da kuskure irin na ranar ba. Ta rungume yaron tana kuka tana dariya, shinkafar ta zube, kaji suka samu rabonsu.

Mama, mun gode. Kin ba da hasken idonki kaɗan-kaɗan, gida bayan gida, don mutanen da ba su san fuskarki ba. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya, ya sa ki ga jikokin jikokinki da sauran ganin da ya rage.

Ku kuma da kuke riƙe da aikin da ran wani ya rataya a kai, makanike da ya ce ya duba birki, malamin da ke duba takardun jarrabawa, mai sayar da magani, magini da ya ce ginshiƙi lafiya lau, ku ji tsoron Allah kafin ku ce “ba komai”. Ku tashi daga kujera ku je ku ga mutumin da ke jira a benci. Yaron nan yanzu ya fara tafiya, kuma uwarsa ce ke bin sa a baya tana cewa ya yi a hankali.