Igiyar Guga Ɗaya Daga Bakin Kududdufi

Gidanmu na Goron Dutse bayansa kududdufi ne. Da damina, in an idar da isha'i, kakarmu Inna Yalwa kan tara mu a bakin murhu tana gasa mana masara a rushi, kwaɗi na ta kuka a bayan katanga. Mace ce mai faɗa, in ka yi gyangyaɗi da ɓawon masara za ta jefe ka.

A lokacin unguwa na da doka. Inda ruwan Agusta ya tsaya, daga nan mai unguwa ke auna tsawon igiyar guga ɗaya. Cikin wannan tazara ba a gini, ba a yankan jema, ciyawar nan mai dogayen saiwoyi, ko da faifai za ka saƙa. Mun tambayi Inna dalili, sai ta ba mu tatsuniya.

Wai kududdufi baƙuwa ce da ke zuwa ziyara duk damina, jemar nan kuma tabarmarta ce. Wani magini mai son banza ya ga filin, ya nome jemar tas, ya ɗora ɗaki. Baƙuwa ta zo ta rasa wurin zama, ta yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai ta shiga ɗakin magini ta zauna, ta miƙe ƙafa har bango ya kwanta.

"Ba mugunta gare ta ba," in ji Inna. "Wurinta ta nema. Ku in aka ɗauke muku tabarma a tsaye za ku kwana?"

Mun yi dariya, har da ni, wallahi.

Ni ɗin dai ne, da na girma iyali suka yi yawa, na sa aka cike bakin kududdufin da bola da ɓaraguzai, na ƙone jemar, na yi wa mahaifiyata ɗaki na bulo. Mai unguwa ya aiko sau biyu, na ce kowa ma ya yi. Gaskiya ne kuwa, kowa ya yi, shi ya sa ruwan bai da inda za shi.

Yau kwana tara ke nan ruwa na ɓuɓɓugowa ta ƙarƙashin simintin ɗakin. Bangon ya tsage, hannuna na shiga ciki. Mahaifiyata shanyewar jiki gare ta, mun ɗora ƙafafun gadonta a kan bulo, ta kuma rantse ba za a fitar da ita daga gidan mijinta a baro ba. Na roƙa, na yi kuka, ta juya wa bango fuska. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba.

Sai yanzu na gane dokar nan mu take karewa, ruwa ba ya bukatar kariyar kowa. Ɗazu na tafi har Ƙofar Dawanau neman saiwar jema in dasa. Tsohon da ya ba ni ya ce, "Malam, sai ta ci damina biyu kafin ta riƙe ƙasa."

Na karɓa na yi godiya. Bangon nan kuwa ba zai kai Juma'a ba.