A Ɗaga Hannu Kafin a Buga Tulu

Ni ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu a Kafanchan, kuma ba yabon kai ba, in na buga har masu wucewa a kan babur sai sun waiwayo. To, sai Allah ya ba ni ɗa wanda duk duniya ba abin da ya tsana kamar ƙarar tulu.

Tun yana ƙarami, da an soma kiɗa sai ya toshe kunnuwa, ya zube ƙasa yana ihu kamar an watsa masa ruwan zafi. Magana ma sai kalma ɗai-ɗai. Likita ya ce otizim ne, wata larura da ake haihuwar yaro da ita. Shugabar zumuntarmu, wata dattijuwa mai kaifin baki, ta ce sangarta ce kawai. Ni ma ba kanwar lasa ba ce, na mayar mata a bakin ƙofar coci har sai da fasto ya shiga tsakani. Daga ranar na ajiye tulu. Kowace Lahadi ni da ɗana muna can gindin mangwaro, ina jin wata tana buga kiɗana tana ɓata waƙa. Abin yana ci mini rai. Ina son coci, ina son ɗana, amma na kasa haɗa su a ɗaki ɗaya.

A makarantarsu akwai malamar da aka ware don yara irinsa. A Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ta yi karatu, siririya ce, kuma tana magana kamar mai tsoron tada barci. Ran nan na je ɗaukarsa, ta ga idona ya yi ja, ta tambaya, na zazzage mata komai.

"Mama, ki kawo mani tulun nan gobe," in ji ta.

"Malama, kina so ya tashi makaranta da ihu ne?"

"Ki kawo dai."

Na kai tulun a babur, rungume kamar jariri. Ta ajiye shi a kusurwar ajinta, ba ta ko taɓa shi ba. A raina na ce wannan ma aiki ne? Yaron ya yi ta kewaye tulun kwana da kwanaki. Daga baya ya leƙa bakinsa, ya tura hannu ciki. Wata rana ina tsaye a taga ya ɗauki mabugin ya buga da kansa, bum! Dariya ya yi.

"Kin gani?" malama ta ce a hankali. "Ba ƙarar ne wahala na shi ba. Ƙarar da ya shigo ba sallama ne."

Sai ta koya wa tulun sallama. Za ta ɗaga hannu, ta jira ya dube ta, ya gyaɗa kai, sannan ta buga. Da fari a hankali, sannu-sannu da ƙarfi. Ba kullum ake dacewa ba. Akwai ranar da tayar wata mota ta fashe a titi, aikin mako guda ya rushe. Ni na fusata, ita kuwa cewa ta yi gobe ma rana ce, ta koma farko.

Da abin ya zauna, ta bi ni wurin koyon waƙar zumunta. Ta durƙusa ta gai da iyaye, ta roƙi abu ɗaya: a ɗaga hannu kafin a fara kiɗa.

"Watau mu duka za mu jira yaro kafin mu yabi Ubangiji?" in ji dattijuwar.

"Mama, Ubangiji ba shi sauri," malama ta amsa.

Dattijuwar ta gyara ɗankwali, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Na koma gida ba tare da na sa rai ba.

Ranar Lahadi malama ta zo cocinmu, ko da yake ba nan take sujada ba. Ta zauna da ɗana a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Da aka kira zumuntar mata, na fita cikin ankona wanda har ya soma warin akwati, na zauna a bayan tulu. Dattijuwar ce mai ba da waƙa, kuma ba ta saba jiran kowa ba.

Ta buɗe baki, sai ta rufe. Ta juya ta nemi ɗana da ido, ta ɗaga hannunta sama. Matan da ke bayanta suka ɗaga nasu. Coci ya yi tsit, har wani jariri ake jin yana tsotso. Ɗana ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai yi gaggawa ba. Ya sa yatsa a kunne guda, ya gyaɗa kai.

Na buga.

Ranar ni ce na ɓata waƙa, don kuka ya hana ni bin baiti. Amma ɗana yana cikin coci har aka ce amin.